Babi Na Bakwai: Nawa Ne Kuɗin Sauya Indararo?

"Wai nawa zai ci ni in sauya indararon gidan nan?" Babu kafintan da bai sha wannan tambaya ba, musamman idan damina ta kankama, bango ya soma gumi, uwargida ta fara jera bokitai a tsakar ɗaki. Kusan kullum kuma amsar ɗaya ce: "Alhaji, sai na zo na gani." Mai gida ya kan ɗauka dabara ce ta masu aiki, a zo a ga girman gida da motar da ke ciki sannan a yanka farashi. Akwai masu yin haka, ba musu. Amma kafinta mai gaskiya ma abin da zai faɗa ke nan, domin kuɗin indararo ba abu ne da ake faɗa daga zaune ba. Aunawa ake yi.

A babin da ya gabata mun yi magana a kan rufi. Yanzu za mu bi ruwan da ya sauka a kan rufin, mu ga hanyar da aka tanadar masa, da abin da za a kashe idan hanyar ta lalace. Burina shi ne, idan ka gama karanta wannan babi, ka iya ɗaukar biro da takarda ka fitar da lissafin gidanka da kanka, tun kafin ka kira kowa.

Ruwan da ke sauka a kanka

Mu fara da sanin girman aikin da indararo ke yi, don sai an san nauyin kaya ake sanin jakin da zai ɗauka.

Idan aka ce an yi ruwan sama milimita 1, ma'anarsa lita 1 ta zuba a kan kowane murabba'in mita. Gida madaidaici mai ɗakuna uku da falo, rufinsa ba zai gaza murabba'in mita 100 ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, irin wanda ake yi cikin sa'a guda a watan Agusta, lita 3,000 ke nan ta sauko daga kan rufin. Duro 15 ke nan, irin mai cin lita 200. Da yake kowace lita nauyinta kilo 1 ne, tan 3 na ruwa ya bi ta kanka kana zaune a ɗaki kana shan shayi.

A Kano, ruwan da ake samu a shekara yana kai wa wajen milimita 800. A kan wancan rufi, lita 80,000 ke nan, wato jarka 3,200 mai cin lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. A Kaduna da Jos ruwan ya haura milimita 1,000. A Sakkwato da Yamai da Damagaram bai kai na Kano ba, amma can ma idan ya tashi zuwa, da iska da ƙarfi yake zuwa, cikin 'yan watanni kaɗan.

Duk wannan ruwa dole ya sami inda za shi. Idan ba ka nuna masa hanya ba, zai nemi tasa, kuma hanyar da ya fi so ita ce gindin bango. Can zai yi ta zuba yana zaizaye ƙasa, danshi ya hau bulo, fenti ya kumbura, filasta ta fara zuba kamar gari, gara ta sami wurin zama. Daga nan sai tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma kafin ƙadangare, ruwa ne ya fara shiga.

Wane iri ne a gidanka?

Kalmar indararo tana ɗauke da abubuwa uku a gidajenmu na yau, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne indararon soro, wanda muka gada. Maginan gargajiya sukan yi rufin ƙasa da ɗan gangare, su huda rawanin soro, su sa indararo ya miƙo waje sosai yadda ruwan zai faɗi nesa da bango. A da da yumɓu ake yin sa a gasa kamar tukunya, ko a fafe itacen giginya, daga baya aka koma lanƙwasa kwano. Bakinsa kuwa, inda ya haɗu da ginin, nan ake ƙawata aiki da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Tsawon indararon nan ba ado ba ne, hikima ce. Ko ɗakin Ka'aba yana da nasa, wanda alhazai suka sani da Indararon Rahama, yana zuba a Hijir Isma'il. Sauya indararon soro shi ne mafi araha a cikin ukun. Kuɗin shi kansa kaɗan ne, aikin yana wajen magini da zai gyara bakinsa ya yi yaɓe.

Na biyu shi ne wanda masu aiki ke kira gota: doguwar magudana mai kama da kwamin shayar da dabbobi, wadda ake ratayawa a bakin rufin kwano, ta tara ruwa ta miƙa shi ga bututun da ke sauka ƙasa. Akwai ta roba, akwai ta kwano, akwai ta alminiyam.

Na uku shi ne gotar siminti, wadda ake zubawa a saman bango a bayan farafet, a gidajen da ake ɓoye rufi. Wannan salo ya yaɗu a sabbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja da Katsina, saboda yana da kyan gani kuma iska ba ta samun bakin kwano ta yaye. Amma ita ce mafi wuyar sha'ani idan ta lalace, domin ba a cire ta a sa wata, kuma idan ta cika ba waje take zubarwa ba, cikin gida take zubarwa.

Gyara ko sauyawa?

Kafin a yi maganar kuɗi, a tabbata sauyawar ake bukata. Sau da yawa gotar lafiyarta ƙalau, toshewa kawai ta yi. Ƙurar hunturu ta kwanta a ciki wata da watanni, ganyen darbejiya da na mangwaro suka taru, leda ta zo ta rufe bakin bututu. Ruwan farko ya kwaɓa su suka zama taɓo. Maganin wannan tsani ne da tsintsiya da bokitin ruwa.

Idan mahaɗa ɗaya ce ke ɗiga, ko mariƙi biyu suka saki, ko bututu ɗaya ya fashe, gyara ne. Amma akwai alamun da ke nuna an wuce nan. Idan gotar kwano ce, ka ɗaga kai da rana tsaka: in ka hango hasken rana ta ƙananan huji a wurare da yawa, tsatsa ta gama da ita, faci ɓarnar kuɗi ne. Idan ta roba ce, ka matsa bakinta da yatsa: in ta ɓalle kamar busasshiyar ƙwarya, rana ta cinye ta. Idan ta lotsa a tsakiya har ruwa na kwana a ciki, ko katakon da ke riƙe da ita ya ruɓe ƙusa ba ta kama shi, nan ma sauyawa ce. Ruwan da ke kwana a gota ba tsatsa kaɗai yake jawowa ba. Sauro na iya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin mako guda zuwa kwana goma, sai ka ga gida yana kiwon zazzaɓi a saman kansa.

Awo kafin ciniki

Ka sami tef ka zagaya gidanka. Abu huɗu kake nema.

Na farko, tsawon bakin rufin da ruwa ke zuba ta nan. Mu ɗauki gida mai tsawon mita 12 da faɗin mita 9, wanda rufinsa ya zarce bango da rabin mita ta kowane gefe. Rufin ya zama mita 13 da mita 10. Idan ta fuska biyu yake zubar da ruwa, gaba da baya, gotar mita 26 kake bukata. Idan ta fuska huɗu ne, mita 46. Ka ga gida ɗaya, amma siffar rufi kaɗai ta kusa ninka kuɗin. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da haɗi, mita 46 ta zama wajen 51.

Na biyu, kusurwoyi. Kowace kwana tana bukatar mahaɗarta, kuma a kwana ne ɗiga ta fi farawa. Gida mai lunguna da baranda da rumfar mota ya fi gida mai kusurwa huɗu cin kaya da cin lokacin mai aiki.

Na uku, bututun saukar ruwa. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, kada gota ta yi tafiyar da ta wuce mita 10 ba ta sami mafita ba. A gidan misalinmu, bututu 6 ya wadatar. A nan ne mutane suka fi yin tsimin da ke cutar da su, su sa bututu ƙarami. Bakin bututu mai inci 4 ya kusa ninka na mai inci 3, kuma ya ninka na mai inci 2 sau huɗu. Ruwanmu ba yayyafi ba ne da zai jira layi.

Na huɗu, mariƙai, wato ƙarafa ko robobin da ke tallafe gotar. Mita ɗaya ta gota madaidaiciya, idan ta cika, tana ɗauke da kusan kilo 5 na ruwa, ban da taɓo. A yanayin zafinmu, inda roba ke laushi da rana, gara a sa mariƙi a kowace santimita 60. Mita 46 za ta ci wajen guda 80.

Ka kuma lura da tsayin ginin. Gidan ƙasa tsani ya ishe shi. Bene kuwa sai an kafa abin hawa, an ƙara leburori, bututun ma tsawonsa ya ninka. Ladan aiki a bene ba zai taɓa zama ɗaya da na gidan ƙasa ba, kuma bai kamata ya zama ɗaya ba, don ran mutum ne a sama.

Roba, kwano ko alminiyam?

Gotar roba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma haɗa ta ba wuya. Abokiyar gabarta ita ce rana. Roba tana miƙewa da zafi ta ƙanƙance da sanyi: sanda mai mita 4 tana iya motsawa kusan milimita 8 tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara. Saboda haka mai aikin da ya san hannunsa yakan bar mata 'yar tazara a mahaɗa, ba ya ɗaure ta tamau da gam da ƙusa. Robar ma iri-iri ce. Wadda aka yi don zaman waje an haɗa ta da maganin rana. Mai araha kuwa, damina biyu ko uku sai ta fara ɓarewa.

Gotar kwano, wadda masu lanƙwasa ƙarfe ke yi a wurare irin su Panteka a Kaduna, tana da sauƙin kuɗi, kuma za a yi maka ita daidai faɗin da kake so. Ƙarfinta yana ga kaurin kwanon da kuma rufin tutiya da ke jikinsa. Da zarar taɓo ya kwanta a ciki yana riƙe danshi, tsatsa za ta fara daga ƙasa, inda ido ba ya gani.

Alminiyam ya fi su tsada a ranar saye, amma ba ya jan tsatsa, kuma kamfanonin da ke buga dogon kwanon rufi suna iya lanƙwasa maka shi da tsayi, mahaɗa ta ragu. Da kauri ake sayar da shi: 0.45, 0.55, 0.7 na milimita. Ka tambayi kaurin, a rubuta maka a rasit, in da hali a auna a gabanka, domin ido ba ya bambance 0.45 da abin da bai kai ba. Wani abin lura kuma, alminiyam yana da kasuwa wajen masu sayen gwangwan. Idan bangonka yana bakin hanya, gara bututun da ke sauka ƙasa ya zama na roba, alminiyam ya tsaya a sama inda hannu ba ya kai.

Wanda zai daɗe a gidansa, kuma aljihu ya yarda, ya sayi mai kyau. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Lissafi a takarda

Yanzu mu haɗa. Farashin da zan sa a nan na koyon lissafi ne kawai. Kai za ka goge shi ka sa wanda ka jiyo da kunnenka a kasuwa ranar da za ka yi aikin.

A ce mita ɗaya ta gota naira 5,000 ce. Mita 51 ta kama 255,000. A ce kowane bututu 8,000, guda 6 sun kama 48,000. Mariƙai 80 a kan 600, nan ma 48,000. Gwiwoyi da mahaɗai da murafun ƙarshe da gam da ƙusoshi, a ce 40,000. Dako daga kasuwa, 15,000. Ladan kafinta da yaransa, har da cire tsohuwar gota, a ce 90,000. Jimla 496,000. Ka ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, wajen 50,000. Lissafi ya tsaya a 546,000.

Dubi abin da takardar ta nuna. Ita kanta gotar, wadda ita ce kowa ke tambayar kuɗinta, ba ta kai rabin abin da za a kashe ba. Wanda ya je kasuwa ya tambayi kuɗin mita ɗaya ya ninka, ya dawo gida yana ganin ya gama lissafi, shi ne wanda aiki ke tsaya wa a tsakiya, rabin gida da gota rabi babu, ga hadari ya haɗo.

Abin da ke ɓoye a bayan farafet

Gotar siminti lissafinta daban ne, kuma a gidan baffana na koyi haka.

Ya gina gidansa da rufin ɓoye, ya yi silin na POP mai fitilu a falo. Shekara ta huɗu, wani tabo mai launin shayi ya fito a kusurwar silin. Na ce masa, "Baffa, a hau a duba." Ya ce, "Bari damina ta wuce, ɗana, yanzu hidima ta yi yawa." Damina ta wuce, tabon ya bushe, aka shafe shi da fenti, aka manta.

Agustan da ya biyo, wajen ƙarfe biyun dare, aka kira ni a waya. Na tarar da ruwa yana zubowa ta ramin fitila kamar an kunna famfo. Yara suna ta kai da kawo da bahuna, an naɗe kafet an jingine yana tsiyaya. Muna tsaye wani ɓangaren silin ya saki, ya faɗo a kan kujera. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin.

Da gari ya waye muka hau da magini. Gotar cike take fal, ruwa ya kai idon sawu, ya haura bakin kwano ya koma ciki. Maginin ya naɗe hannun riga, ya zura hannu a bakin bututu, ya zaro baƙar leda ɗaya da dunƙulen ganye. Nan take ruwan ya fara sauka da gurnani. Ya ɗaga ledar ya nuna wa baffa da ke ƙasa, ya ce, "Alhaji, ga ɓarawon." Da ruwan ya janye sai sauran laifuffukan suka fito: bututun mai inci 2 ne, ƙasan gotar a miƙe yake babu gangare, shimfiɗar kwaltar ta tattare ta tsage, kuma babu wata ƙofar da ruwa zai fita waje idan bututu ya toshe.

Aikin da aka yi shi ne aikin da ake yi wa kowace gotar siminti da ta gaza. Aka kankare tsohuwar shimfiɗa, aka sassaƙe tsagogi aka cike, aka zuba sabon daɓe mai gangare da siminti mai maganin ruwa, aka manna sabuwar shimfiɗar kwalta da wuta har ta hau jikin farafet, aka fasa aka sa bututu mai inci 4 da raga a bakinsa. Sannan aka huda farafet aka sa gajeren indararo sama kaɗan da bakin bututun, don ranar da ya sake toshewa ruwa ya zuba waje. Wato dai aka koma ga dabarar maginan soro.

Da muka zauna lissafi, kuɗin gotar shi ne ƙarami. Silin, wayoyin lantarki, fenti, katakon rufi biyu da suka ruɓe da kujerar da ta lalace, su suka cinye kuɗin. Da an hau tun ranar da tabon ya fito, da yini ɗaya da buhunan siminti kaɗan sun wadatar. A duk abubuwan da ke ƙara kuɗin indararo, babu mai tsadar jinkiri.

Ko a gota mai ratayawa haka abin yake. Sai an cire tsohuwar ake ganin halin da katakon bakin rufi ke ciki. Shi ya sa kuɗin ko-ta-kwana ba a taɓa shi sai an buɗe an gani.

Me ya sa farashi ba ya zama wuri ɗaya?

Wani zai ce, maƙwabcina ya yi nasa shekara uku da suka wuce, ga abin da ya kashe. Wannan lissafi ya tsufa. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin dako ya tashi. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Alminiyam da ƙarfe da sinadaran roba, yawancinsu ko dai daga waje ake shigo da su ko farashinsu yana bin dala. Siminti ma, da ake yi a gida, a Obajana da Sakkwato da Ashaka, buhun da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya kai 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024. A Nijar kuwa, ko da yake sefa tana ɗaure da yuro, rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsawaita hanyar kayan da ke zuwa ta tashar Kwatano, dako ya ƙaru.

Saboda haka kada ka haddace farashi, ka haddace hanyar lissafi. Ka je da ƙafarka Ƙofar Ruwa idan kana Kano, ko Dei-Dei idan kana Abuja, ko kasuwar Katako idan kana Yamai. Ka tambayi shago uku. Zuwa da kai ya fi saƙo. Idan kuma an ba ka farashi, ka tambaya kwana nawa zai tsaya a haka.

Mai aiki da ladansa

Kaya masu kyau a hannun wanda bai iya ba asara ce. Ka kira mutum biyu ko uku su duba, kowa ya rubuta maka kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. Wanda ya ce "kawo kaza in gama maka komai" ba tare da ya hau ya auna ba, ka yi hattara da shi. Wanda kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, a wani wuri zai fanshe: ko ya rage mariƙai, ko ya rage kauri.

Ka tambaye shi yadda zai fitar da gangare. Gota tana bukatar ta sunkuya wajen bututu da kimanin santimita 1 a kowace mita 3. Gwani zai ja igiya, ko ya auna da siririn tiyo mai ruwa a ciki, kafin ya kafa mariƙi ko ɗaya. Ka nemi ya nuna maka gidan da ya yi wa aiki wanda ya ga damina biyu.

Ku yi magana a kan biya tun farko, a gaban shaida. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe wani kaso sai an gwada. Gwajin ba wuya: a hau da bokiti a zuba ruwa a can ƙarshen gota, kana tsaye kana kallo. Ya tafi duka? Ya kwanta a wani wuri? Mahaɗa ta ɗiga? Idan aiki ya yi kyau, ka cika masa haƙƙinsa a ranar, kada ka sa shi zarya. Mai aikin da aka kyautata wa shi ne zai amsa kiranka ranar da ka bukace shi cikin ruwa.

Lokacin aiki da haƙƙin maƙwabci

Lokacin wannan aiki shi ne rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu. Katako a bushe yake, siminti da kwalta suna kamawa, masu aiki ba su da cunkoso, kai ma ba a matse kake ba, kana iya ciniki. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha. Ka sa aikinka ya ƙare kafin wannan lokaci. Wanda ya bari sai Agusta, farashin da aka faɗa masa shi zai biya.

Bayan an gama, share gota sau biyu a shekara ya zama al'ada: bayan hunturu kafin ruwan farko, da kuma tsakiyar damina. A sare reshen da ya rufo kan kwano. Idan gidan haya ne, mai gida da ɗan haya su fahimci juna tun wuri: sauyawa ta mai gida ce, shara da saurin kai rahoto na wanda ke ciki ne.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba ya shiga takardar lissafi amma ya fi duk abin da ke cikinta nauyi. Ka dubi inda bakin indararonka ya nufa. Sau nawa mai unguwa ya zauna sulhu saboda ruwan wani yana dukan katangar wani, ko yana zuba a kan masu wucewa a lungu? Addini ya hana cutar da maƙwabci, kuma ruwan da ka kora daga bangonka ka tura gindin nasa cuta ce. Ƙarin gwiwa ɗaya da bututu ɗaya sun isa su kai ruwan inda ba zai ɓata wa kowa ba. Ka sa su a lissafi tun farko.

To, ga ruwa mun sauko da shi ƙasa lafiya. Saura ina za shi? Lita 80,000 a shekara ba abin zubarwa a kwata ba ne, a garuruwan da ake sayen ruwa jarka-jarka. A babi na gaba za mu ga yadda ake tara ruwan rufi a tanki, yadda ake zubar da ruwan farko mai datti, da yadda ake fitar da ragowar daga gida ba tare da ya kwanta a ƙofar kowa ba. Kafin nan, ka samo tsani ka hau ka duba gotarka a wannan makon.